Albasar Rima da Wanda Zai Iya Jira

A ƙarshen watan Maris, idan zafin bazara ya kankama, fadamun Wurno da Goronyo sukan cika da tsibin albasa. An cire ta, an yanke lawashi, an baje ta tana shan iska. Manomin da ke tsaye a kanta ya shafe wata huɗu ko biyar yana ɗawainiya: ya yi renon iri, ya yi dashe cikin sanyin hunturu, ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya da ruwan injin da ba ya tashi sai an ba shi fetur. Ranar da wahalarsa ta kai ƙarshe kuwa ta faɗo cikin makonnin da albasa ta fi arha a duk shekara, domin maƙwabcinsa ma ya cire, mutanen Gada sun cire, na Aliero a Kebbi sun cire, haka ma na Galmi a tsallaken iyakar Nijar.

Ba ya cikin duhu game da abin da zai biyo baya. Ya sani, yaron da ke ɗinke masa bakin buhu ma ya sani, cewa daga Oktoba zuwa Disamba wannan buhun zai ninka kuɗinsa ba sau ɗaya ba. Yana da waya a aljihu, yana da ɗan'uwa a kasuwar Mile 12 ta Legas da zai iya gaya masa farashin safiyar yau. Duk da haka, da dillali ya iso da mai saye, aka taya, aka yi albarka, aka sake tayawa, sai ya sallama.

Akwai wani fannin ilimin kasuwanci da ya kamata a ce yana da bayanin wannan sallamawar. Shi ne nazarin sarƙar kaya, wato jerin hannuwan da haja ke bi tun daga inda aka samar da ita har ta isa ga mai amfani da ita, tare da kuɗi da labarin da ke kai da komo a tsakaninsu. Sunan fannin bai tsufa ba. Ana danganta shi ga Keith Oliver, wani mai ba kamfanoni shawara, wanda ya yi amfani da shi a hira da jaridar Financial Times a 1982. Daga nan ya bazu har ya zama darasi a jami'o'i, kuma a yau da wuya a shiga sashen nazarin kasuwanci na wata jami'ar Najeriya ba a tarar da kundin ɗalibi mai tambayar ko kula da sarƙar kaya yana ƙara wa kamfani riba ba.

Da yawa daga cikin waɗannan kundaye zuriyar maƙala ɗaya ce. A 2006 Suhong Li da abokan aikinta uku suka wallafa bincike a mujallar Omega, bayan sun tattara amsoshi daga kamfanoni 196 a Amurka. Sun ware ɗabi'u biyar: ƙulla doguwar hulɗa da masu kawo wa kamfani kaya, riƙe abokan ciniki, yawan labarin da ake musaya, ingancin labarin, da kuma jinkirta wani mataki na aiki har sai an ga abin da kasuwa ke so. Suka gano cewa kamfanonin da suka fi riƙo da waɗannan sun fi rinjaye a gasa, sun kuma fi samun sakamako mai kyau. An maimaita wannan awo a ƙasashe da dama, kuma galibi amsar ba ta sauyawa.

Duk wanda ya san fataucin albasa, idan ya karanta jerin nan, zai yi murmushi, domin huɗun farko tsofaffin kaya ne a ƙasar Hausa. Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda fataucin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya tsayu a kan maigida: shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an sayar bashi ga mahaucin da baƙon bai taɓa gani ba. Babu banki a tsakani, babu takardar yarjejeniya. Mutum ya ci amana sau ɗaya, labarinsa ya riga shi isa kowace zango.

Wannan tsari bai mutu ba, waya kawai aka ƙara masa. Alhajin da ke lodin tirela a Acida yana da maigidansa a Legas ko Anaca ko Aba, wani lokaci tun zamanin iyayensu. Yana da manoman da yake ba wa taki da kuɗin fetur tun lokacin dashe, da sharaɗin cewa shi za a fara yi wa tayi. Yana da ɗan kamashon da ke samo masa mota, da direban da ya yarda da shi. Kafin a ɗaure igiya ya riga ya san motoci nawa suka kwana a Mile 12 ba a sauke ba. Da za a miƙa masa takardar tambayoyin Li, a fassara masa, zai ba kansa maki mafi girma a kusan kowane layi, kuma bai yi ƙarya ba. Manomin ma haka: da wa yake hulɗa in ba Alhajin nan ba, shekara goma ke nan? Sarƙar ta cika sharuɗɗan littafi. Sai dai idan damina ta wuce aka zauna lissafi, ɗaya ya ƙara mota, ɗaya kuma yana neman wanda zai ranta masa kuɗin iri.

Labari shi kaɗai bai warware wannan ba, kuma akwai hujja daga maƙwabta. Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, shekarun da wayar salula ke shiga gari bayan gari, ta gano cewa zuwan waya ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Falke ya daina tafiyar kwana biyu don ya ji farashi. Amma da ita da Marcel Fafchamps suka juya ga kuɗin da ake biyan manomi, sai suka tarar wayar ta daidaita farashin wake tsakanin kasuwanni da ɗan kaɗan, ba ta taɓa na gero da dawa ba, kuma ba ta ɗaga abin da ke shiga aljihun manomin ba. Ya ji farashin, amma jin bai sauya ranar da zai sayar ba.

Ranar sayarwa ita ce maganar, kuma nan ɗabi'a ta biyar ta shigo. A littattafan kasuwanci, misalin da aka fi bayarwa na jinkiri shi ne na Benetton, kamfanin tufafi na Italiya, wanda ya koma saƙa rigunan sanyi farare ya ajiye, sai ya ga launin da ke tafiya a kantuna sannan ya kai su rini. Ya sayi lokaci, lokacin kuma ya saya masa sani. A gulbin Rima jinkiri yana da gini nasa, sunansa rudu: rumfar kara da ciyawa, da dandamali a ɗage daga ƙasa domin iska ta ratsa ta ƙarƙashi, da jinka mai kare rana da ruwa. A ciki albasa ke zaman jiran farashi. Lissafinsa ba mai wuya ba ne. A ɗauka, don misali kawai, an zuba buhu 100 a watan Afrilu, ruɓa da ƙyamushewa suka cinye 40 kafin Nuwamba. Idan farashi ya ninka uku, buhu 60 da suka tsira sun kawo kuɗin buhu 180 na ranar cira. Ko da asara mai nauyi haka, mai rudu ya ci riba.

To me ya hana kowa yin rudu? Kara da ciyawa ba su fi ƙarfin manomi ba. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne wata bakwai ba tare da kuɗin albasar ba. Mai taki yana jira, mai fetur yana jira, 'yan ƙwadagon da suka yi cira ba za a ce musu su dawo a Nuwamba ba. Hatsin gida yakan fara ja baya daidai wannan lokaci, noman damina yana ƙofa da nasa buƙatun, kuma a 'yan shekarun nan azumi da ƙaramar salla sun faɗo cikin Maris da Afrilu. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, amma ba su faɗi wanda zai sayi itacen da za a yi ta izawa ba. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, bashin da manomin rani ke shiga kafin ya ga ƙwayar albasa ɗaya ya ƙaru, har wasu suka koma injin iskar gas ko na hasken rana. Gwargwadon nauyin bashin, gwargwadon gajartar igiyar da aka ɗaure shi da ita.

Saboda haka doguwar hulɗar da binciken ke yabo tana da fuska biyu a nan. Takin da Alhaji ya bayar a Disamba taimako ne na gaske, domin ba don shi ba da fangalin ya zauna fayau, kuma babu bankin da zai kalli manomin da ba shi da takardar gona. Amma bashin yana nuna ne a makon cira, makon da farashi ke ƙasa. Idan manomin ya ce, «Ranka shi daɗe, a ɗan ɗaga mini zuwa bayan salla,» amsar takan zo da taushi: «Malam, ni ma na wasu ne a hannuna.» Sau da yawa gaskiya ya faɗa. Albasar ta tashi daga hannun da ba zai iya jira ba ta koma hannun da zai iya, wani lokaci ba ta ma bar garin ba, rudun kawai ta sauya.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan ɓoyuwa, wanda ya shafi ingancin labari. An ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, amma a rudu halin ruwan da ta sha ne ke fitowa. Albasar da aka ɗura wa takin yuriya, aka ci gaba da yi mata ban ruwa har gab da cira, takan fito ƙatuwa mai sheƙi, ta cika buhu da wuri. Ita ce kuma ke fara ruɓewa. Wadda aka yaye daga ruwa da wuri, aka bari wuyanta ya bushe ya rufe, ba ta kai waccan girma ba, amma takan kai kaka. A ranar ciniki ido ba ya raba su sosai. Kuma da yake da buhu ake awo ba da sikeli ba, buhun ma a cika shi har ya yi tozo a ɗinke masa hula, kasuwa tana saka wa mai ƙatuwar albasa ne. Manomin da ya san ba shi zai ajiye ba, me zai sa ya rage ruwa ya rage yawan buhunansa don amfanin rudun wani? Ta haka rashin iya jira na mutum ɗaya yake komawa ruɓa a hannun na gaba da shi, shi kuma na gaban ya rage farashin da yake tayawa don ya rufe ruɓar da yake tsammani. Wanda ya yi noman kirki da wanda ya yi na gaggawa duk a biya su kuɗi ɗaya.

Mutum ɗaya ne ya san bambancin, shi ne dillali. Ya san gonar wane ce ke bakin gulbi inda ƙasa ba ta bushewa, ya san wanda ya yi fama da zazzalau a bana, ya san wanda hannunsa ke da nauyi wajen taki. Masu ilimin boko sun saba zagin dillali, kowane taron bita sai an yi alkawarin kawar da shi. Amma a sarƙar da ba ta da sikeli, ba ta da tambarin daraja, ba ta da ɗakin gwaji, ƙwaƙwalwarsa ce kaɗai rajistar inganci.

Kada kuma a ɗauka falke yana kwance ne riba na zuwa. Daga Goronyo zuwa Legas ya haura kilomita 1,000, ta Sakkwato da Yawuri da Kwantagora da Mokwa da Jebba da Ilori da Ibadan, da shingaye a hanya waɗanda kowanne ke da bakinsa, da man dizal da tsadarsa ta yi tsalle tun 2022. Albasa a cikin buhu, a bayan mota, ƙarƙashin tamfol, tana gumi. Kwana biyu na ƙari a hanya asara ce da ake jin warinta. Da gadar Tatabu ta karye a watan Yuni 2017 tsakanin Mokwa da Jebba, manyan motoci sun yi cirko-cirko. A Fabrairun 2021 rikicin kasuwar Shasha a Ibadan ya ci rayuka da dukiyar 'yan kasuwa, abin da ya kai ƙungiyar dillalan abinci da shanu ga dakatar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki. A watan Yuni na shekarar, ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar albasa ta ƙasa, ƙarƙashin Aliyu Maitasamu, ta sanar da nata dakatarwar saboda motocin mambobinta da aka wawashe a Kudu. Wanda ya ɗauki irin wannan kasada yana da haƙƙin riba. Abin lura dai shi ne inda nauyin ya sauka lokacin dakatarwar farko: kayan gwari suka yi tsada a Legas, suka faɗi warwas a Arewa, a tsakiyar lokacin cira. Yajin na 'yan kasuwa ne, amma tsibin da ke zube a rana na manomi ne.

Sai kuma abin da ya fi kowanne nauyi a gabashin Sakkwato. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, ciki har da Goronyo da Rabah, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. A ranar Lahadi 17 ga Oktoba, ranar kasuwa, aka kai hari kasuwar Goronyo aka kashe fiye da mutum 40. Babu takardar tambayoyin da ke da layin da za a rubuta wannan. Amma ko a ma'aunin ciniki zalla, rashin tsaro yana yin abin da bashi ke yi, har ya fi: yana gajarta lokaci. Ajiya alkawari ce tsakanin mutum da watanni bakwai masu zuwa. Wanda bai tabbata zai kwana a ƙauyensu makon gobe ba, ko yake tsoron a san yana da dukiyar da za a ɗora wa haraji ko kuɗin fansa, ba zai tara arzikinsa a rumfar ciyawa da ashana ɗaya ke gamawa da ita ba. Zai mayar da ita kuɗi, kuɗin da ke shiga aljihu a gudu da shi. Jiran sai ya ƙaura zuwa manyan garuruwa na bakin titi, ribarsa ta bi shi.

Ruwa kam akwai. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, an gina ta ne don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, kuma ita ke shayar da aikin noman rani na tsakiyar kwarin Rima. Rabah tana da gulbin Sakkwato da ke gangarowa daga Bakolori. Wurno, ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har ya rasu a 1837, ta yi suna da albasa da tafarnuwa. Shekara da shekaru hankalin gwamnati da na masu ba da lamuni yana kan abin da ke faruwa kafin cira: madatsa, magudana, iri, taki. Ko shirin da kamfanin Dangote ya ƙaddamar da manoman shinkafa a Goronyo a 2017, na ba da iri da taki a sayi amfanin, ya zaɓi hajar da ke iya kwana a buhu shekara guda ba ta ce uffan ba. Ƙara yawan albasar da ake cirewa a mako ɗaya, ba tare da an taɓa abin da ke faruwa da ita a watanni bakwai na gaba ba, yana iya zama ƙara zurfin ramin da farashi ke faɗawa.

A nan ne raunin binciken da aka fara da shi yake. Ba a ce sakamakonsa ƙarya ne ba. Amma an gina shi ne a kan amsar manaja ɗaya a kamfani ɗaya, wanda ke ba kansa maki daga 1 zuwa 5 a kan hulɗarsa, ya sake ba kansa maki a kan nasararsa. Ya auna ƙarfin zobe ɗaya, bai tambayi yadda ribar ta rabu tsakanin zobban ba. Kamfanonin Amurka 196 kuma duk suna da banki, da inshora, da sito, da kotun da za ta tilasta yarjejeniya, don haka ikon jira bai bambanta su sosai ba, ba a ma ga dalilin auna shi ba. Ɗalibin da ya kwafo tambayoyin ya raba wa 'yan kasuwar Sakkwato zai samo amsar da aka saba samu, a sa masa hannu, ya wuce ta gefen tambayar da ke gabansa: kwana nawa kowane mutum a sarƙar nan zai iya riƙe kayansa kafin dole ta sa ya saki, kuma me ke ƙayyade kwanakin?

Wasu sun yi wannan tambayar a wani wuri. A yammacin Kenya, Marshall Burke da Lauren Bergquist da Edward Miguel sun gwada ba manoman masara rance a lokacin girbi maimakon lokacin shuka. Sakamakon da suka wallafa a 2019 ya nuna manoman sun riƙe masararsu, sun sayar da tsada, rancen ya dawo da ribar kashi 29 cikin 100. Sun kuma ga wani abu da ya fi wannan jan hankali: a yankunan da masu rancen suka yi yawa, farashin lokacin girbi ya ɗaga ga kowa, har da wanda bai karɓi ko sisi ba, ribar masu ajiyar kuma ta ragu. A Nijar ma, tun ƙarshen shekarun 1990, ƙungiyoyin manoma suna kulle hatsi a sito da kwaɗo biyu, ɗaya nasu ɗaya na mai ba da rance, su karɓi kuɗi a kansa har farashi ya tashi.

Albasa ba za ta karɓi kwaɗo biyu ba. Masara ana rufe ta a tafi, albasa kuwa sai an riƙa shiga rudu ana juya ta, ana tsince wadda ta ruɓe kafin ta shafa wa na kusa da ita, ana duba inda jinka ke yoyo idan damina ta sauka. Duk mai ba da rancen da zai karɓe ta jingina yana buƙatar wanda zai kalli tsibi a watan Afrilu ya ce wannan za ta kai Nuwamba, waccan ba za ta wuce Yuli ba. Masu wannan ido suna nan a Acida da Wurno da Goronyo, kuma kowa a kasuwar ya san su. A yanzu la'adarsu tana fitowa ne daga kowane buhun da aka sayar, a ranar da aka sayar da shi.